Ƙaramar ƙofar gefe: yadda ake zaɓen kwaɗo da kafa shi

Darasinmu na yau a kan kwaɗo ne. Wani zai ce, me ya haɗa kwaɗo da lafiyar bisashe? Ni ma da haka na ɗauka, sai da abin ya faru a hannuna.

Ni ke riƙe da mangazar abincin bisashe ta ƙungiyarmu, a wani ƙauye kusa da Ibohamane, cikin gundumar Keita. Babbar ƙofar harabar ta ƙarfe ce. Amma akwai wata ƙarama ta katako a gefe, wadda ke tsakanin rumfar buhuna da garken da muke tsare dabbobi. Wata bazara, buhunan dusar alkama da na hatsi suna jibge a rumfar, na rufe ƙaramar ƙofar na sa kwaɗo na tafi gida. Da asuba na tarar da kwaɗon a kulle, yana lilo, ƙofa kuwa a buɗe. Ba ɓarawo ba ne. Awaki ne suka yi ta tunkuɗa har ƙusoshin da ke riƙe da ƙarfen kwaɗon suka zare daga katako. Sun kwana cikin hatsi. Kafin kwana biyu mun rasa uku, kuma ba nawa ba ne, na amana ne. Laifin nawa ne, don ni na buga ƙusoshin da hannuna.

Abin da na koya ke nan: ƙarfin kwaɗo bai wuce ƙarfin abin da aka rataya shi a kai ba.

Abin da ƙofar ke tsarewa

Abu uku ne. Na farko, cin hatsi fiye da kima. Idan akuya ko tunkiya ta cika ciki da hatsi ko dusa farat ɗaya, abincin yakan yi tsami a tumbi. Dabbar ta daina ci, ciki ya kumbura, zawo ya biyo baya, ta riƙa tangaɗi. Idan haka ta faru, a janye ta daga hatsin, a ba ta busasshiyar ciyawa kawai, a kira likitan dabbobi nan take.

Na biyu, guba. A yankinmu ana noman rani, saboda haka sau da yawa takin zamani da maganin ƙwari suna kwana kusa da abincin dabba. Takin ure kaɗan ya isa ya kashe tunkiya cikin ɗan lokaci.

Na uku, cuɗanya. Dabbar da aka sayo daga kasuwar Tunfafi ko ta Badagishiri ya kamata ta zauna ita kaɗai na kwana 21 aƙalla kafin ta shiga garke, saboda annobar awaki da tumaki da ake kira PPR takan ɓuya a jiki kafin ta bayyana. Duniya ta gama da bushiya a 2011, kuma an sa 2030 a matsayin shekarar da ake son gamawa da PPR. Allurar da ake yi kowace shekara ita ce babban makami, amma ƙofar da ta buɗe da dare tana iya rushe keɓewar mako uku.

A fara duba ƙofar kafin a je kasuwa

Kama ginshiƙin da ƙofar ke rufuwa a kansa ka girgiza. In ya motsa, a sake kafa shi, ramin ya kai santimita 60, a danƙare da duwatsu, abin da Adar ba ta rasa ba. Soka wuƙa a gindinsa. In ta shige da sauƙi, gara ta riga ka, sai a canza. Ƙirya ta fi jure gara. In za a sari icce, a nemi izinin ma'aikatan gandun daji tukuna, domin itatuwa da yawa na ƙasar nan da gumin iyayenmu mata da maza aka dasa su, tun lokacin aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da aka fara a 1984.

Sannan a ɗaga ƙyauren sama. In ya fita daga ƙarafunan da yake juyawa a kansu, to kwaɗo ba shi da amfani, don ɓarawo zai cire ƙyauren ya jingine. Maganinsa, mai walda ya juya ƙarfen sama ya dubi ƙasa, na ƙasa ya dubi sama. In kuma ƙyauren ya sunkuya yana jan ƙasa, a sa masa katako a karkace, daga ƙasa ta wajen ginshiƙin da yake rataye zuwa sama ta wajen kwaɗo.

Zaɓen kwaɗo

Kada girma da ƙyalli su ruɗe ka. Ga abin da nake dubawa:

1. Kaurin ƙarfen da ke lanƙwashe. Ya kai milimita 8 zuwa 10, kuma ya zama gajere. Dogon wuya yana ba sandar ƙarfe wurin shiga.
2. Nauyi. Kwaɗon da ya yi girma amma ba nauyi, kwano ne a ciki.
3. Jiki na tagulla ya fi jure damina, ba ya tsatsa.
4. Gwada mabuɗinsa a wasu kwaɗuna biyu ko uku irinsa a teburin mai sayarwa. In ya buɗe ko ɗaya, ajiye shi. Duk wanda ya sayi irinsa yana da mabuɗin mangazarku.
5. Kulle shi ka fizga da ƙarfi. Bai kamata ya yi sako-sako ba.

Ƙarfen da ake rataya kwaɗo a kai shi ma a zaɓa da kyau. A nemi mai kauri, wanda in an rufe yake lulluɓe kawunan ƙusoshinsa. In babu a kasuwar Keita ko Madawa, maƙeri ko mai walda zai ƙera, sau da yawa ma ya fi na kanti. Sakata mai ramin kwaɗo ta fi dacewa inda akwai awaki, don sun iya ture sakata da baki.

Yadda ake kafawa

1. Rufe ƙyauren yadda zai zauna, ka ɗora ƙarfen a kan katakon giciye mai kauri, ba a kan falle ɗaya ba. Yi alama da gawayi.
2. Bar kamar yatsu uku daga bakin katako, kada ya tsage.
3. A huda rami ya fita ta ɗaya gefen. Kafinta yana da abin hudawa. In babu, ƙarfe mai zafi yana yi.
4. A sa ƙusa mai noti, mai kai sumul wanda sufana ba ta kamawa. Kan ya kasance ta waje, notin ta ciki. Ƙusar bugawa da guduma ita ta ci awakinmu, kada a yi amfani da ita.
5. Kafin a ɗaure noti, a sa faifan ƙarfe a bayan katakon, don kada notin ya nutse ya fita. Bayan an ɗaure, a daddaki bakin ƙusar da guduma yadda notin ba zai kwance ba.
6. A bar ɗan sarari. Katako yana kumbura da damina, ya tsuke da rani. In an matse sosai yau, a watan Agusta sakata ba za ta shiga ba, mutane su gaji su koma ɗaurewa da igiya.
7. Daga ƙarshe, kulle ka sa kafaɗa ka tunkuɗa ta ciki da ta waje, sama da ƙasa. In ƙasan ƙyauren ya buɗe har kan ɗan akuya zai shiga, a ƙara sakata a ƙasa.

Kula da shi

Ƙurar hunturu ce babbar abokiyar gabar kwaɗo. Kada a zuba masa man gyaɗa ko baƙin mai, suna kama ƙura su zama laka. A kankare bakin fensir a zuba garin cikin ramin mabuɗi. A yanko tsohuwar robar taya a kafa ta bisa kwaɗon ta rufe shi daga ruwa da ƙura. Kowane wata a taɓa notuna a ji ko sun saki.

Mabuɗi a hannun wa?

Wannan shawara ce ta taron ƙungiya, a rubuta ta a littafi. A wurinmu ɗaya yana hannuna, ɗaya wajen shugabar mata da ke kusa da mangazar, na uku a ajiye gidan mai gari. Kada dukansu su bi mutum ɗaya zuwa kasuwa, domin gobara ko haihuwar dabba da dare ba sa jira. In ɗaya ya ɓata, a canza kwaɗo ranar, ba sai an ga asara ba.

Duk abin da muka kashe wajen gyaran ƙofarmu bai kai kuɗin akuya ɗaya ba. Yau da yamma, kafin ka tafi gida, je ka girgiza ƙaramar ƙofarku ka gani. Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya ba mu damina mai albarka.