Darasi Daga Singafo: Masanin Tattalin Arziki Da Gyaran Makarantu

Singafo ƙaramin tsibiri ne a kudu maso gabashin Asiya. Ƙasar ba ta da man fetur, ba ta da filin noma na kirki, har wani kashi na ruwan sha ma daga Malesiya take sayowa. Dukiyarta ita ce mutanenta. Saboda haka duk yaron da ya bar makaranta bai koyi kome ba, hasara ce ga ƙasa baki ɗaya. Dokta Goh Keng Swee ya gane wannan sarai.

An haife shi a Malaka a 1918. Ya yi karatu a makarantar mishan ta Metodis mai suna Anglo-Chinese School, daga baya ya sami digirin dokta a Landan. A 1959 ya zama ministan kuɗi, shi ne kuma ya mai da fadamar Jurong unguwar masana'antu. Amma fa masana'anta ba ta ci gaba sai da ma'aikacin da ya iya karatu da lissafi.

A 1978 Firayim Minista Lee Kuan Yew ya ɗora masa binciken makarantun ƙasar. Goh ya duba su kamar yadda ɗan kasuwa yake duba littafin cinikinsa: yara nawa suka shiga aji ɗaya, nawa suka gama, a ina sauran suka tsaya? Rahotonsa na 1979 ya nuna cewa yara da yawa suna faɗuwa a hanya. Babban dalili shi ne ana koyar da su da Turanci da Mandarin, alhali yawancinsu ba sa yin waɗannan harsuna a gida. Ga shi kuma ana kora mai sauri da mai nawa da taki ɗaya.

A shekarar nan ya zama ministan ilmi. Aka raba yara rukuni-rukuni bayan aji uku na firamare, kowa ya yi tafiya daidai ƙarfinsa. A 1980 aka kafa cibiyar rubuta littattafan koyarwa. Masu barin makaranta suka ragu ƙwarai, masana'antu suka sami ƙwararrun ma'aikata.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Yaran rukunin ƙasa sun sha gori, wasu har suka ɗauka su daƙiƙai ne. An daina rabon a firamare a 2008, a sakandare kuma daga 2024. Goh ya rasu a 2010.

Malamai 'yan'uwana, mu riƙa ƙirga ɗalibanmu kamar yadda makiyayin nan ya ƙirga tumakinsa ɗari, ya tafi neman ɗayar da ta ɓata. Ku kuma ɗalibai, mai nawa a aji kada ya fid da zuciya, mai sauri kada ya rena shi. Ƙasa tana bukatar ku duka.