Darasi: Garin Kribi da Tattalin Arzikin Yawon Shaƙatawa

Kribi ƙaramin gari ne da ke gaɓar tekun Atlantika a kudancin Kamaru. Ya yi suna saboda rairayin bakin tekunsa, da kuma kogin Lobe, wanda ruwansa ke gangarowa daga kan duwatsu kai tsaye zuwa cikin teku, kimanin kilomita 7 kudu da garin. Baƙi daga Duwala da Yawunde kan zo ƙarshen mako domin iyo, da shiga kwalekwale, da cin gasasshen kifi da jatan lande.

Masana tattalin arziki na koyar da cewa kuɗin baƙo ba ya tsayawa a hannun wanda ya fara karɓa. Mai otel zai biya ma'aikaci albashi, ma'aikaci ya sayi kifi wurin masunci, masunci kuma ya biya mai gyaran injin kwalekwalensa. Ta haka sefar da aka kashe sau ɗaya kan zama kuɗin shiga ga gidaje da dama. Amma wannan zagaye na yankewa idan abin shan da ake sayarwa daga waje aka shigo da shi, ko kuma mai otel ya kwashe ribarsa zuwa wani birni.

Matsala ta biyu ita ce ta lokaci. Ciniki na bunƙasa da rani da ranakun hutu, ya ja baya da damina, alhali kuɗin haya da bashin banki ba sa jiran rani.

Har ila yau, Kribi ya zama mashigar manyan harkoki. A 2003 aka kammala bututun mai na kilomita 1,070 daga Doba ta ƙasar Chadi, a 2018 kuma tashar manyan jiragen ruwa ta fara aiki kudu da garin. Waɗannan sun kawo ayyukan yi da haraji, amma malalar mai sau ɗaya na iya korar baƙi da kifi baki ɗaya.

Darasin da garuruwa irin su Badagry da Ibeno za su ɗauka shi ne cewa tsabtar gaɓar teku jari ce. Hukumar da ta bari jarin ya lalace za ta rasa harajin da take samu daga baƙi, masunta kuma su rasa kasuwa.