Zargin Luwaɗi da Maɗigo a Fagen Aikin Lauya: Nazari Daga Jihar Zamfara

Wannan muƙala ta dubi matsayin lauyan da aka jingina wa luwaɗi ko maɗigo a wurin aikinsa, musamman a Gusau da Tsafe da Bunguɗu, inda dokoki biyu suke aiki kafaɗa da kafaɗa. Kundin hukunta laifuffuka na Shari'ar Musulunci, wanda ya fara aiki a Zamfara ranar 27 ga Janairu, 2000 zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, ya tanadi jefewa ga magidancin da aka samu da luwaɗi, da bulala da ɗauri a kan maɗigo. Dokar tarayya da Shugaba Goodluck Jonathan ya rattaba wa hannu a Janairun 2014 kuwa ta yanke shekara 14 ga auren jinsi, da shekara 10 ga mai tallafa wa ƙungiyoyin masu yin sa.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsarin mulkin 1999. Sashe na 254C ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraron ƙarar wariya a wurin aiki, amma sashe na 42 da ya lissafa dalilan da aka haramta wariya a kansu, irin su ƙabila da addini da jinsi, bai ambaci wannan al'amari ba. Saboda haka lauyan da ofishi ya sallama bisa jita-jita yana cikin tsaka mai wuya. In ya kai ƙara, ya tallata zargin da zai iya komawa tuhumar laifi, kuma a sa alamar tambaya a kan kyawun halin da doka ta sharɗanta wa mai shiga aikin lauya. In ya yi shiru, ya rasa abincinsa ba tare da an tabbatar da komai ba, alhali fiƙihun Malikiyya ya tsananta sharuɗɗan shaida, ya kuma sa haddin ƙazafi bulala 80.

Harshe ma yana taka rawa. Littafin Rudolf Gaudio na 2009 a kan 'yan daudun Kano ya nuna cewa daudu da luwaɗi ba abu guda ba ne, sai dai bakin jama'a kan cuɗanya su, har lanƙwasar murya ko jinkirin aure su zama hujja.

Tsangwamar takan shafi ko da lauyan da ya tsaya wa wanda ake tuhuma, duk da sashe na 36 ya ba kowa damar ɗaukar lauyan da yake so. A Janairun 2014, jifan da gungun mutane suka yi wa wata kotun Shari'a a Bauci ya tilasta dakatar da zaman sauraron irin wannan ƙara.