Zawo ga Yara: Abin da Ya Kamata Kowane Gida Ya Sani

  Ƴan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu daraja, darasina na bana a kan zawo ne, ciwon da muke rainawa amma yake ɗauke ƙannenmu, musamman idan damina ta sauka.

Mene ne haɗarinsa?

Ana cewa yaro yana zawo idan ya yi kashi mai ruwa sau 3 ko fiye a yini guda. Abin da ke kashe shi shi ne ƙarewar ruwa da gishirin jikinsa. Jikin jariri ƙarami ne, ruwansa ba shi da yawa, shi ya sa yaron da ke wasa da safe zai iya galabaita kafin magariba.

A gidajenmu sau da yawa sai a ce ai haƙori ne yake fitarwa, a bar shi zai wuce. To, a lokacin haƙori yaro yana rarrafe, duk abin da ya tsinta sai baki, ta nan ƙazanta ke shiga cikinsa. Haka idan maɗigarsa ta faɗa, sai a tafi neman abin shafawa a ka. Faɗawar maɗiga alama ce ta cewa ruwan jiki ya ƙare, maganinta ta baki yake shiga.

Ruwan alwala da ruwan sha

A babin tsarki na Ahalari da Ishmawi mun karanta cewa ana duba launin ruwa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa kafin a yi tsarki da shi. Wannan hukuncin ibada ne. Amma ƙwayoyin cuta ido ba ya ganinsu, hanci ba ya jinsu. Ruwa zai iya zama garai, alwala ta inganta da shi, kuma ya kwantar da mutum idan ya sha. Mutanen jihar Maraɗi ba su manta da kwalarar 2018 da ta fara daga wajen Madarunfa ba, ga kuma ta 2021 da ta taɓa jihohi da dama na Nijar. Gurɓataccen ruwa ne babbar hanyar wannan cuta.

Don haka ruwan rijiya ko na tafki a tafasa shi sosai, ko a sa masa ƙwayar Aquatabs yadda aka rubuta a jikin takardarta, a jira minti 30. A rufe randa, a ware mata moɗa guda wadda ba a ajiye ta ƙasa. Bayan tsarki da buta, ruwa kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da sabulu, in babu a cuɗa hannu da toka. Haka kuma bayan an wanke wa yaro kashi, da kafin girki, da kafin a sa hannu a kwano. Kashin yaro a zuba shi a masai, kada a watsar a bayan gida wai don na yaro ne.

Ruwan gishiri da sukari

In zawo ya kama, abu na farko shi ne a mayar wa jiki abin da ya fita. Mafi kyau shi ne garin nan na cikin ƴar leda da ake bayarwa a gidan likita, wanda ake kira SRO. Leda guda ana zuba ta cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta. In babu shi, ga yadda ake haɗawa a gida: lita 1 ta ruwa, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari, da rabin cokalin na gishiri, kowanne a shafe bakinsa kada ya yi tozo. Dan Allah iyaye mata, kada a ƙara gishiri da nufin ya fi ƙarfi, yawansa yana cutar da yaro. A ɗanɗana, bai kamata ya fi hawaye gishiri ba.

Me ya sa sai da sukari? Domin shi ke taimaka wa hanji ya tsotse gishirin, ruwa kuma ya bi gishirin zuwa cikin jiki. A 1971, a sansanin ƴan gudun hijirar Bangaladash da ke Indiya, wani likita mai suna Dilip Mahalanabis ya yi amfani da wannan haɗin lokacin da ruwan ƙari ya yi ƙaranci, mutuwa ta ragu ƙwarai. Kun ga abu mai arha, amma Allah ya sa rai a cikinsa.

Yaron da bai kai shekara 2 ba, a ba shi mililita 50 zuwa 100 bayan kowane kashi. Daga shekara 2 zuwa 10, mililita 100 zuwa 200. A riƙa ba shi da cokali kaɗan-kaɗan. In ya yi amai a dakata minti 10, sannan a ci gaba a hankali. Abin da ya wuce awa 24 a zubar, a haɗa sabo. A nemi ƙwayar zinki kuma, ana shan ta kwana 10 zuwa 14, ko da zawon ya tsaya kada a yanke. Uwa ta ci gaba da ba da nono, wanda ya fara cin abinci a ba shi kunu da abinci mai laushi. Hana ciki abinci wai don ya huta, yunwa ce ake ƙara wa marar lafiya.

Yaushe za a ruga gidan likita?

Idan idanunsa sun zurma, ko ya kasa sha da kama nono, ko yana ta amai, ko jikinsa ya saki yana barcin da ba a gane ba, ko an ga jini a kashi, ko zazzaɓi ya haɗu da zawon, ko an ja fatar cikinsa ta daɗe ba ta koma ba. Nan fa babu jiran gari ya waye, babu jiran maigida ya dawo kasuwa. A ɗauke shi, ana tafiya ana ba shi ruwan. Kuma a guji ƙwayoyin masu talla a faranti, waɗanda rana ta gama dafawa.

Mu ɗalibai, mu ne masu karatu a gidajenmu. Kowa ya karanta wa mahaifiyarsa wannan awo har ta haddace, ya kuma duba ko akwai sabulu kusa da buta. Addu'a muna yi, sababi ma mu riƙe, duka biyun addininmu ya koya mana.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya raya ƙannenmu.