Juyen Baƙin Mai: Yadda Ake Tsiyaye Tsohon Mai Daga Injin Mota

Jama'a, yawancin masu mota idan sun kai ta juye, hankalinsu yana kan galan ɗin sabon mai ne: wane kamfani ya yi shi, nawa aka saya, ko jabu ne. Wannan kula tana da kyau. Amma rabin aikin juye a ƙarƙashin mota ake yin sa, inda mai ita ba ya leƙawa. Shi yana can bisa benci a inuwa yana hira, an bar yaron gareji da sifana. Wancan rabin da ba a gani, watau fitar da tsohon mai, shi wannan takarda za ta bayyana.

Aikin baƙin mai shi ne ya sa santsi tsakanin ƙarafan inji, ya rage musu zafi, ya kuma kwashe dauɗa, wadda ta haɗa da ƙunar fetur da ɓarɓashin ƙarfe da ƙura. Ƙura kuwa ba baƙuwarmu ba ce, balle daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Idan mota ta kwana a tsaye, duk wannan dauɗa takan kwanta a gindin kaskon inji, wanda kanikawa ke ce wa botom filet. Saboda haka ba a juye da sanyin inji. Kowa ya san yadda man shanu ke daskarewa da hunturu, sai ya ji ɗumi ya narke ya zubo, to haka baƙin mai yake. A tayar da mota ta yi minti 5 zuwa 10 tana aiki, man ya saki jiki, dauɗar ta tashi ta gauraya da shi, su fita tare.

Amma fa ɗumi muka ce, ba zafi ba. Motar da ta taso daga Kaduna ta shigo Kano yanzu-yanzu, manta yana kusan digiri 100, zafin tafasasshen ruwa ke nan, kuma shi mai idan ya zuba a fata maƙalewa yake yi. Irin wannan a bar ta ta huce kamar rabin awa.

Sai a tsayar da ita a wuri mai daidai, ba gangare ba, a kashe, a ja burkin hannu, a sa weji a tayoyin baya. Ramin juye ya fi. Idan babu, aka ɗaga ta da jak, to kada kowa ya shiga ƙarƙashinta sai an tokare ta da ƙafafun ƙarfe da aka yi domin haka. Jak na ɗagawa ne kawai, yana iya sullewa ba sallama. Bulon siminti kuma yakan farfashe a ƙarƙashin nauyi.

Kafin a taɓa ƙasa a fara buɗe murfin mai na saman inji, a ɗan zaro geji. Iska za ta samu hanyar shiga, kuma za ka tabbatar murfin yana buɗuwa tun kafin ka zubar da man da ke ciki.

Yanzu a nemo notin juye, a kuma tabbata shi ne. A motoci da yawa notin giya yana nan kusa, har sun yi kama. Sabon ɗan koyo yakan kwance na giya, ya tsiyaye ta tas, sa'an nan ya hau sama ya ƙara lita 4 a injin da yake cike. Man giya mai sarrafa kanta galibi ja-ja ne, idan ka ga shi a kwano ka tsayar da aiki nan take.

Kowane noti da sifanarsa. Yawancin Toyota irin su Corolla da Camry lamba 14 ce, Honda 17, Golf 19. A yi amfani da sifana mai zobe ko soket wadda ta kama kan notin duka. Filaya tana cinye kusurwoyinsa, daga nan sai an koma guduma da cizal, daga nan kuma sai sayen wani. Ana kwancewa ne zuwa hagu, akasin tafiyar hannun agogo, idan kana fuskantar kan notin. Wanda ke kwance rigingine yakan rikice ya riƙa ɗaurewa yana zaton kwancewa yake. Da notin ya saki a ajiye sifana, a ƙarasa da yatsu, ana danna shi ciki ana murɗawa, har a ji haƙorin ƙarshe ya rabu, sai a janye hannu da sauri zuwa sama. Man ba ya zubowa kai tsaye ƙasa da farko, tsartuwa yake yi gaba, don haka a ajiye kwanon tarar man ya ɗan wuce bakin ramin notin, a riƙa jawo shi baya yayin da ƙarfin zubar ke raguwa.

To, ga wurin da ake yawan ɓata aikin. Mai yana buƙatar minti 10 zuwa 15 kafin ya tsiyaye, ya koma ɗigo ɗaya-ɗaya. Na ƙarshen nan da ke silalowa a hankali shi ya fi dauɗa. Gareji kuwa ga motoci sun yi layi, yaro yana ganin zubar ta yi siriri sai ya mai da noti. Kai mai mota, a nan ya kamata ka taso daga benci ka ce, "Injiniya, don Allah a bar shi ya gama ɗiga tukuna." Kuɗinka ne, kuma ba wanda zai ji haushin magana mai ladabi.

Akwai dabaru biyu na gaggawa da ya wajaba ka hana. Wasu sukan tayar da inji noti yana buɗe, wai don ragowar man ta fito. Wannan ganganci ne tsagwaronsa: a 'yan daƙiƙun nan ƙarfe yana gugar ƙarfe ba mai, kuma abin da ya cinye ba ya dawowa. Wasu kuma sukan zuba kananzir ko fetur ko gas wai su wanke ciki. Abin da ya saura daga cikinsu yakan tsinka sabon man, ya kuma ɓamɓaro tsohuwar dauɗa ta je ta toshe rariyar famfon mai. Ɗan man da ke saura a lungunan inji bayan an tsiyaye da kyau ba ya cutar da komai.

Yayin da ake jira, leƙa kwanon ka dubi abin da ya fito, ka shafa kaɗan a farar takarda ka kai rana. Baƙi ba laifi ba ne, alama ce man ya yi aikinsa. Idan ya yi fari-fari da kauri da kumfa, ruwan lagireto ya shiga cikinsa, mai yiwuwa gasket ya ƙone. Idan kana ganin ƙyalli-ƙyalli na ƙarfe, wani abu yana ci a ciki. Idan ya tsinke yana warin fetur sosai, fetur na gangarawa kasko. Ko wanne ka gani, juye kaɗai ba zai magance shi ba.

A cire tsohuwar filtar mai, a duba ko robarta ta maƙale a jikin inji, gama roba biyu a kan juna yoyo ne tabbas. A shafa wa robar sabuwar ɗan mai, a ɗaura da hannu kawai, idan ta taɓa jiki a ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye.

Notin juye yana da washa ta alminiyam ko tagulla wadda ke lotsewa ta toshe kafa idan an ɗaure. Sau ɗaya take lotsewa da kyau, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba, a sa sabuwa. A goge bakin ramin, a fara ɗaura notin da yatsu. Idan ya cije tun farko, ya hau a karkace, a kwance a sake. Sai ya zauna kana a sa sifana. Littattafan yawancin ƙananan motoci suna ba da awon ɗauri tsakanin 30 da 40 a ma'aunin Nm, ɗauri ne na hannu ɗaya, ba na ƙara bututu a sifana a taka da ƙafa ba. Kaskon motocin zamani da yawa na alminiyam ne, haƙoransa ba su jure ƙarfi, idan suka cinye sai faci da gam, ko sabon kasko.

Zuba sabo ba wuya. A bi nau'i da yawan da littafin motar ya faɗa. Corolla mai inji 1.8 takan sha kusan lita 4. A tayar, fitilar mai ta mutu cikin daƙiƙu kaɗan, a leƙa ƙasa ko da yoyo, a kashe, a jira minti 5, a duba geji ya tsaya tsakanin alamomin biyu. Wanda ya haura alamar sama kumfa yake yi.

Saura tsohon man. Kada a zuba shi a kwata, ko a ƙasa, ko a masai wai don kashe wari da sauro, domin ƙarshensa rijiyar unguwa. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce man juye ɗaya yana iya gurɓata galan miliyan 1 na ruwan sha. Kada kuma a shafa wa akuya ko jaki wai maganin ƙazuwa, dabbar takan lashe, gubar ta shiga cikinta. Su kansu kanikawa su riƙa wanke hannu da sabulu, ba da fetur ba, gama daɗewar wannan mai a fata yana iya jawo ciwo, har da daji. A ɗura shi a galan ɗin da sabon ya fito, a rufe, a bar wa garejin da ke tarawa a duro.

Kafin ka tafi, rubuta ranar juyen da lambar kilomita a takarda ka ajiye cikin mota. A hanyoyinmu masu ƙura da cunkoso, idan man gama-gari kake sawa, ka ƙara kilomita 5,000 a kan lambar, ko wata 6, duk wanda ya riga zuwa, shi ne lokacin juye na gaba.