Alƙalamin Caina Mai Shan Tawada

'Yan uwa ɗalibai, a zangon nan mun ga alƙalamin Hero ya fara leƙowa daga aljihun wasunmu. Kamfanin da ke ƙera shi yana birnin Shanghai na ƙasar Sin, tun 1931 yake wannan sana'a. Samfurinsa Hero 616 kwaikwayon Parker 51 ne na Amurka, sai dai kuɗinsa bai kama ƙafar na wancan ba.

Ba a danna shi kamar biro. Tawada da kanta take gangarowa ta siririyar tsagar bakinsa, shi ya sa hannu ba ya saurin gajiya wajen kwafar darasi.

Babban kuskurenmu shi ne ɗura masa tawadar allo. Ƙaro da gawayin da ke cikinta suna daskarewa su toshe tsagar. Alƙalami biyu muka rasa a kulob ɗinmu ta haka. A nemi tawadar kwalba.

Da hunturu, a rufe shi da zarar an gama rubutu, iska na busar da bakin. Da bazara kuwa, zafi kan kumbura iskar da ke ciki ta turo tawada waje. Masu hawa babur tsakanin Kebbe da Tambuwal, ku bar bakinsa yana kallon sama, in ba haka ba farar rigar makaranta ta sha tawada.