Darasin Kimiyya: Shirya Tsofaffin Mazubai Don Noman Naman Kaza

Naman kaza ba tsiro ba ne irin dawa ko gero. Ba shi da koren ganye, ba ya haɗa abincinsa da hasken rana. Dangin fumfuna ne, yana rayuwa ta hanyar narkar da matattun abubuwa kamar karan dawa, ciyawar shinkafa, ɓawon gyaɗa da garin katako. Nau'in da ya fi sauƙin nomawa shi ne wanda masana ke kira Pleurotus, ana kuma shuka shi a cikin leda, kwalba ko bokiti mai huje-huje. Sabbin mazubai na da tsada, shi ya sa masu farawa ke komawa ga tsofaffi. Darasinmu na yau shi ne: wane mazubi ya cancanta, kuma yaya ake shirya shi?

Masu rigegeniya da shukarmu

Danshi da ɗumi da abincin da muka tanada wa naman kaza su ne dai abin da sauran ƙananan halittu ke nema. Kamar gona ce a farkon damina: abin da ya riga tsirowa shi ke cinye takin. Babbar abokiyar gaba ita ce koriyar fumfuna mai suna Trichoderma, wadda ke kai wa farin zaren naman kaza hari ta cinye shi. Akwai Aspergillus, dangin wadda ke sa wa gyaɗa da masara gubar aflatoksin. Sai bakteriyar Bacillus, mai sa hatsi ya yi yauƙi da wari mai tsami. Dukkansu suna barin iri ƙanana da ido ba ya gani, a bakin murfi, a ƙarƙashin hannun bokiti, da cikin kowace karta a jikin roba.

Me ya taɓa zama a ciki?

Wannan tambaya ce ke gaba da kowane wanki, kuma a nan zan ɗan daɗe. Ƙwayar cuta abu ne mai rai, saboda haka ana iya kashe ta. Guba ba ta da rai, ba a kashe ta. Roba tana shan wasu sinadarai cikin jikinta, daga baya ta riƙa sakinsu kaɗan-kaɗan, musamman in ta ji zafi da danshi, wato daidai yanayin da za mu sa ta.

Don haka jarkar maganin ƙwari ko na ciyawa, galan ɗin baƙin mai ko fetur, da duron sinadarin masana'anta duk sun fita daga lissafi, ko da an wanke su sau goma. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana ba da shawarar a ɗauraye mazubin maganin ƙwari sau uku, sannan a huda shi don kada wani ya sake zuba wani abu a ciki. Ku lura, ɗaurayar ba ta mai da shi mazubin abinci ba.

Bokitin fenti ne ya fi jan hankalin mutane, domin ga shi lita 20, ga murfi mai kamawa, ga araha. Ni dai ba na yarda da shi. Har yanzu ana samun fenti mai dalma a kasuwannin ƙasashe da dama, kuma an san dangin naman kaza da zuƙar ƙarafa masu guba irin su dalma da kadmiyam daga abin da suka tsiro a kai, su tara a jikinsu. Wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ku nemi abin da ya riƙe abinci: bokitin bota ko na kastad, jarkar man girki, kwalbar zuma ko ta Bama. Mazubin da ba ku san tarihinsa ba, ku bar wa mai shi.

Duba gindinsa

A ƙasan yawancin kayan roba akwai alwatika da lamba a ciki, tsarin da aka fara a Amurka a 1988. Lamba 1 ita ce ta gorar ruwa da lemo. Tana fara laushi tun wajen digiri 70, ruwan zafi kawai ya isa ya lanƙwasa ta. Lamba 2 ita ce ta yawancin jarkoki da bokitai. Tana jure ruwan zafi da bilic, amma tana lotsewa a tukunyar matsi. Lamba 5 ce jarumar, ba ta narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 160. Kwalba ta fi su duka, in dai ba ta da tsaga. Robar da rana ta ci har ta yi fari-fari, ko wadda ta sha karta, a ajiye ta gefe.

Wanki, sannan bilic

In za a huda bokiti, a huda shi tun kafin wanki, a kankare ɓurɓushin bakin hujin. Sannan a wanke da omo da ruwan ɗumi da soso mai laushi, ba na ƙarfe ba, domin na ƙarfe sababbin maɓoya yake tona wa ƙwayoyin. Maiƙo ya fita gaba ɗaya. Dalili kuwa shi ne, sinadarin bilic yana ƙarewa a kan duk dattin da ya fara tararwa, kafin ya kai ga abin da ke ƙarƙashi.

Bilic ɗin gida, irin su Jik da Hypo, a duba ƙarfinsa a jikin takarda. In kashi 3.5 cikin ɗari ne, awo 1 a cikin awo 9 na ruwan sanyi ya wadatar. A nutsar da mazubin da murfinsa na minti 10, a ɗauraye da ruwan da aka tafasa ya huce, a kife ya bushe, kada a goge da tsumma. A haɗa sabo kullum, domin haske da zafi na rage masa ƙarfi. A sa safar hannu, a yi aikin inda iska ke shiga. Kada a kuskura a gauraya shi da ruwan wanke bayi mai asid ko da wani sinadari. Iskar da ke tashi tana ƙona huhu. Bilic yana kuma sa murfin ƙarfe tsatsa.

Sifirit na goge hannu da wuƙa da tebur ne. Mai kashi 70 cikin ɗari ya fi tsantsarsa aiki, saboda ruwan da ke ciki na taimaka masa ya ratsa ƙwayar, kuma ba ya saurin bushewa. A nisanta shi da wuta.

Inda bilic ya gaza

Bokitin da za a cika da kara, wanki da bilic sun ishe shi, domin shi kansa karan jiƙa shi ake yi a ruwa mai zafin digiri 65 zuwa 80 na awa ɗaya ko biyu. Wannan rage ƙwayoyi ne, ba ƙarar da su ba, kuma kara ba shi da abinci mai yawa.

Kwalbar da za a raya irin naman kaza a cikinta kan dafaffiyar dawa daban take. Hatsi abinci ne mai ƙarfi, kuma Bacillus tana shiga wani ƙoƙo mai tauri da ke jure tafasa. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce digiri 100. A Jos ma, saboda tudu, wajen digiri 96 yake tafasa. Sai an kulle tururi, matsi ya ƙaru, zafi ke kaiwa digiri 121. Wannan ce hikimar na'urar da Charles Chamberland, abokin aikin Louis Pasteur, ya ƙera a Faransa a 1879, kuma ita ce ta tukunyar matsi ta ɗakin girki. Kwalaben hatsi na buƙatar kimanin minti 90 a wannan zafi, da ƙaramin huji a murfi wanda aka toshe da auduga. Kada gindinsu ya taɓa ƙasan tukunya, kuma a bari ta huce da kanta kafin a buɗe.

Wanda ba shi da irin wannan tukunya yana iya bin dabarar John Tyndall ta 1877: a turara kwalaben sau ɗaya a rana, kwana uku a jere. Tsakanin turarawa ƙoƙon yana buɗewa ƙwayar ta farka, zafin washegari ya same ta ba kariya. Tana aiki, sai dai ba ta kai tukunyar matsi tabbas ba.

Aikin aji

Ku samo kwalabe uku iri ɗaya masu murfin auduga. Ta farko a ɗauraye da ruwa kawai, ta biyu a wanke a sa a bilic, ta uku a wanke. Ku zuba dafaffiyar dawa daga tukunya ɗaya a cikin kowace, sannan malami ya sa ta ukun a tukunyar matsi. Ku ajiye su a inuwa kwana 10, kuna rubuta launi da canjin da kuka gani kullum. Kafin ku fara, kowa ya rubuta wadda yake zaton za ta riga lalacewa da hujjarsa. Kwalbar da ta yi kore ko baƙi kada a buɗe ta a aji, kada kuma a shinshina. A miƙa wa malami ya mayar da ita tukunyar matsi kafin a zubar.